Gasar Kamfanonin Hulɗa da Jama'a a Kasuwar Duniya

1.0 Gabatarwa

Wanda duk ya saba da sauraron labaran duniya a rediyo, ko karanta su a jarida, yakan ɗauka cewa abin da ya iso gare shi ɗan jarida ne ya fita ya nemo da kansa, ya tace, sa'an nan ya kawo. Sau da yawa kuwa haka abin yake. Amma akwai wani kaso na labaran da ake watsawa game da manyan kamfanoni da gwamnatoci wanda tushensa ofishin wasu gwanaye ne da aka biya lada domin su tsara shi, su kuma nema masa ƙofar da zai bi ya shiga bakin duniya. Waɗannan gwanaye su ne ma'aikatan kamfanonin hulɗa da jama'a, sana'ar da ta tsiro a Amurka a farkon ƙarni na 20, ta bunƙasa har ta zama kasuwa mai juya dubban miliyoyin daloli, wadda kamfanonin ƙasashe daban-daban suke ja-in-ja a kanta.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda wannan gasa ta faro, da waɗanda suke fafatawa a cikinta, da kuma abin da ake fafatawa a kansa. Za a ga cewa ko da yake sunanta gasar duniya, ragamar sana'ar ta tattaru ne a hannun wasu rukunonin kamfanoni da za a iya ƙirgawa da yatsun hannu, masu mazauni a New York da Landan da Faris da Tokiyo. Za a kuma ga cewa hajar da suke sayarwa ita ce amincewar jama'a, saboda haka kamfanin da zafin gasa ya sa ya yi wasa da wannan amincewa, to jarinsa ya ci.

2.0 Ma'anar Sana'ar da Yadda Ake Neman Abinci da Ita

Hulɗa da jama'a ita ce duk wata dabara da aka tsara domin kyautata yadda mutane suke kallon wani kamfani ko hukuma ko ƙasa ko wani fitaccen mutum. Ya kamata a rarrabe tsakaninta da talla. Mai talla yakan sayi fili a jarida ko lokaci a rediyo ya yabi hajarsa, kowa kuma ya san shi ne ya biya. Shi kuwa mai hulɗa da jama'a burinsa shi ne yabon ya fito daga bakin wani wanda jama'a suka amince da shi, kamar ɗan jarida ko masani ko ɗan majalisa. A nan ne ya bambanta da maroƙin Hausa. Maroƙi a bainar jama'a yake tsayawa ya wasa ubangidansa, a gaban kowa kuma ake yi masa kyauta, saboda haka mai sauraro ya san awon da zai yi wa maganarsa. Gwanin hulɗa da jama'a kuwa, iyakar ƙwarewarsa ita ce a ji saƙon ba tare da an ga hannunsa ba.

Ayyukan waɗannan kamfanoni sun haɗa da rubuta sanarwa ga manema labarai, da shirya tarurruka, da auna ra'ayin jama'a, da kamun ƙafa wajen 'yan majalisa, da kwantar da hankalin masu hannun jari, da kuma kashe wutar abin kunya idan ta kama. Yawanci ana biyan su ne ko dai da lada na wata-wata, ko kuma gwargwadon sa'o'in da ma'aikatansu suka ɓata a kan aikin. Idan babban kamfani yana neman wanda zai riƙe masa wannan aiki, yakan gayyaci kamfanoni uku ko huɗu, kowa ya zo ya baje dabarunsa, a zaɓi ɗaya, sauran su koma hannu rabbana.

Abin lura a nan shi ne, wannan sana'a ba ta da masana'anta ko injuna. Jarinta mutane ne da sanayyar da suka tara. Idan gwani ya bar kamfani, sau da yawa abokan ciniki sukan bi shi. Wannan ne ya sa hanya mafi sauri da kamfani zai bi ya shiga sabuwar ƙasa ita ce ya saye wani kamfani da ya riga ya kafu a can tare da ma'aikatansa, kuma wannan dalili shi ne mabuɗin fahimtar akasarin abin da zai biyo baya.

3.0 Tushen Sana'ar a Amurka

A farkon ƙarni na 20 jaridun Amurka sun sa manyan kamfanonin jirgin ƙasa da na man fetur a gaba, suna tona asirin zaluncinsu. Al'adar kamfanonin a lokacin ita ce su yi gum. Wani tsohon ɗan jarida mai suna Ivy Lee shi ne ya shahara da kawo wata hanya daban. A shekarar 1906 ya aika wa editoci wata takarda da ta bayyana ƙa'idojin aikinsa, inda ya yi alkawarin ba su sahihin bayani a kan lokaci. A wannan shekara kuma, da jirgin kamfanin Pennsylvania Railroad ya yi haɗari, sai ya shawo kan shugabannin kamfanin suka bar 'yan jarida suka je wurin suka gani da idanunsu. Daga baya iyalan Rockefeller suka ɗauke shi aiki domin ya gyara musu suna bayan kisan da aka yi wa masu yajin aikin haƙar kwal da iyalansu a Ludlow a 1914.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙara wa sana'ar kaifi. A 1917 gwamnatin Amurka ta kafa wani kwamiti na wayar da kan jama'a domin shawo kan 'yan ƙasa su goyi bayan shiga yaƙin. Cikin waɗanda suka yi aiki a wannan kwamiti akwai Edward Bernays, ɗan 'yar'uwar masanin halayyar ɗan'adam Sigmund Freud, wanda bayan yaƙin ya juya darussan da ya koya zuwa ga ciniki. A 1929, yana yi wa wani kamfanin taba aiki, ya shirya wasu 'yan mata suka kunna sigari a bainar jama'a yayin wani jerin gwano a New York, aka nuna abin a matsayin alamar 'yancin mata, jaridu kuma suka ɗauka a matsayin labari.

Tun a wancan lokaci aka fara ganin haɗarin da ke tattare da yi wa baƙi aiki. A 1934 wani kwamitin majalisar Amurka ya binciki Ivy Lee a kan shawarwarin da yake bai wa kamfanin IG Farben na Jamus a zamanin Hitila. Irin wannan damuwa ce ta haifar da dokar 1938, wadda ta wajabta wa duk mai yi wa wata gwamnatin waje irin wannan aiki a Amurka ya yi rajista, ya bayyana wanda ya ɗauke shi da abin da aka biya shi. Ta hanyar wannan rajista ce duniya take sanin da yawa daga cikin kwangilolin da in ba don ita ba da sun zauna a ɓoye.

4.0 Ƙetare Teku

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Amurka masu sayar da motoci da sabulu da magunguna da lemo suka bazu cikin duniya, masu yi musu hulɗa da jama'a kuwa suka bi sawunsu, domin wanda bai bi ubangidansa ba wani zai ƙwace masa shi. Kamfanoni uku ne suka fi fice a wannan zango. Akwai Hill & Knowlton, wanda John Hill ya faro a Cleveland a 1927. Akwai Edelman, wanda Daniel Edelman ya kafa a Shikago a 1952. Sai kuma Burson-Marsteller, wanda Harold Burson da William Marsteller suka kafa a 1953, ya kuma buɗe ofishinsa na farko a ƙetare a birnin Geneva a 1961. Su ma masu sana'ar a Turai ba su zauna ba. A 1955 aka kafa ƙungiyar masu hulɗa da jama'a ta duniya a Landan, wadda a 1965 ta amince da kundin ɗa'ar sana'a a birnin Atina.

Wannan bazuwa ta nuna cewa aikin da aka yi a wata ƙasa yana iya girgiza wata. Bernays ya yi wa kamfanin ayaba na United Fruit aiki a lokacin da gwamnatin Jacobo Arbenz ta Gwatamala take karɓar filayen da kamfanin bai noma ba tana raba wa talakawa. Ya shirya wa 'yan jaridar Amurka ziyarce-ziyarce zuwa ƙasar, ya yi ta cusa ra'ayin cewa gwamnatin ta zama 'yar amshin shatar Kwaminisanci. A 1954 aka hamɓarar da Arbenz da taimakon hukumar leƙen asirin Amurka. Ba za a ce Bernays ne ya yi juyin mulkin ba, amma ya share fagen da ya sa jama'ar Amurka suka karɓi abin ba tare da ƙorafi ba.

Duk inda sabuwar kasuwa ta buɗe, sai rige-rige ya tashi. Da ƙasar Sin ta sassauta tattalin arzikinta, Hill & Knowlton ya buɗe ofis a Bejin a 1984, shekara ɗaya bayan haka kuma Burson-Marsteller ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin dillancin labarai na Xinhua. Haka aka sake yi a gabashin Turai bayan 1989.

5.0 Zamanin Haɗiye-haɗiye

Daga ƙarshen shekarun 1970 gasar ta sauya kama. Manyan kamfanonin talla suka lura cewa abokan cinikinsu suna kashe kuɗi a wajen masu hulɗa da jama'a, suka ga gara su saye su, kuɗin ya tsaya a gida. Young & Rubicam ya sayi Burson-Marsteller a 1979, J. Walter Thompson kuma ya sayi Hill & Knowlton a 1980. Ba a daɗe ba su ma masu sayen aka saye su.

Wanda ya fi kowa shahara a wannan fage shi ne wani Bature ɗan Ingila, Martin Sorrell. A 1985 ya sayi hannun jari a wani ƙaramin kamfani mai ƙera kwandunan waya, wanda daga sunansa aka samo harufan WPP, ya mayar da shi jakar da yake zuba kamfanonin da ya saya. A 1987 ya sayi J. Walter Thompson a kan dala miliyan 566, Hill & Knowlton ya biyo cikin kayan. A 1989 ya sayi Ogilvy a kan dala miliyan 864. A 2000 ya sayi Young & Rubicam, Burson-Marsteller ya shigo hannunsa. Ta haka ne manyan kamfanoni biyu da suka yi shekaru suna hamayya a Amurka suka wayi gari a ƙarƙashin uwar kamfani ɗaya mai mazauni a Landan. A 2018 aka haɗe Burson-Marsteller da Cohn & Wolfe, a 2024 kuma aka haɗe wannan da Hill & Knowlton, aka raɗa wa sabon kamfanin suna Burson.

Amurkawa ma sun kafa nasu rukunonin. An kafa Omnicom a 1986, ya kuma sayi Ketchum a 1996 da FleishmanHillard a 1997. Interpublic ya sayi kamfanin Shandwick na Ingila a 1998, wanda daga gare shi aka gina Weber Shandwick a 2001. A Faransa akwai Publicis, wanda Marcel Bleustein-Blanchet ya kafa a Faris a 1926, mai reshen hulɗa da jama'a da ake kira MSL. A 2013 Publicis da Omnicom suka sanar da cewa za su haɗe, amma a 2014 maganar ta watse, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne an kasa daidaitawa a kan wanda zai riƙe manyan muƙamai. A watan Disamba na 2024 Omnicom ya sanar da cewa zai sayi Interpublic, aka kuma kammala cinikin a watan Nuwamba na 2025.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa rukuni ɗaya yake barin kamfanoni da yawa masu sana'a iri ɗaya a ƙarƙashinsa, kowa da sunansa? Dalili shi ne kishi tsakanin abokan ciniki. Kamfanin lemo ba zai yarda wanda yake riƙe da asirinsa ya yi wa abokin hamayyarsa aiki ba. Saboda haka uwar kamfani takan riƙe sunaye daban-daban, wannan ya yi wa wancan aiki, ɗan'uwansa ya yi wa kishiyarsa, riba kuwa ta zuba a aljihu ɗaya. Ashe ke nan wani ɓangare na abin da ake gani kamar gasa, kokawa ce tsakanin 'yan ɗaki ɗaya.

6.0 Masu Ƙalubalantar Manya

Duk da wannan tattaruwa, akwai masu ja da manyan rukunonin ta fuskoki uku. Na farko su ne kamfanoni masu zaman kansu. Edelman ya ƙi yarda a saye shi, ya ci gaba da zama a hannun iyalin wanda ya kafa shi, kuma a 2022 kuɗin da ya samu a shekara ya haura dala biliyan 1. Ya kuma yi wa kansa suna da rahoton da yake fitarwa kowace shekara game da yadda jama'ar ƙasashe suke amincewa da gwamnati da 'yan kasuwa da kafofin watsa labarai, wanda shi kansa wata dabara ce ta jawo ciniki. Akwai kuma irin su Brunswick, wanda aka kafa a Landan a 1987, masu ƙwarewa a kan ba shugabannin kamfanoni shawara a lokacin saye da sayar da kamfani ko lokacin rikici, aikin da ladansa ya fi tsoka.

Na biyu su ne kamfanonin Asiya. Dentsu na Japan, wanda tarihinsa ya faro a 1901, ya daɗe yana riƙe da kasuwar gida, sa'an nan a 2013 ya sayi rukunin Aegis na Ingila domin ya sami gindin zama a Turai da Amurka. A Sin kuwa, BlueFocus, wanda aka kafa a Bejin a 1996, ya yi yunƙurin bin hanyar da Sorrell ya bi. A 2013 ya sayi kusan kashi 20 cikin 100 na kamfanin Huntsworth na Ingila, a 2014 kuma ya sayi Vision7 na Kanada. Amma cinikin da ya ƙulla da wani kamfanin sarrafa bayanai na Amurka a 2017 ya wargaje a 2018 saboda rashin samun amincewar hukumar Amurka mai tantance jarin ƙasashen waje, a 2021 kuma ya sayar da mafi yawan hannun jarinsa a rassansa na ƙetare. Wannan ya nuna cewa kuɗi kaɗai ba ya buɗe ƙofa a wannan sana'a, domin gwamnatoci suna kallon ta a matsayin abin da ya shafi tsaron ƙasa.

Na uku su ne baƙin sana'a, watau kamfanonin ba da shawara kan harkokin gudanarwa da na fasahar kwamfuta. Tun da kafofin sada zumunta irin su Facebook suka raba jaridu da ikon da suke da shi na zama ƙofa ɗaya tilo ta labari, wanda ya iya tattara bayanai game da abin da mutane suke faɗa a intanet ya sami abin da zai yi tinƙaho da shi a gaban abokin ciniki, ko da bai taɓa sanin edita ko ɗaya ba.

7.0 Gwamnatoci a Matsayin Abokan Ciniki

Babu inda zafin gasar yake fitowa fili kamar wajen neman aikin gwamnatoci, domin a nan kuɗin yana da yawa, abin da ake ciniki a kansa kuma yakan shafi rayuka. Nijeriya tana cikin ƙasashen da aka gwada wannan a kansu. A lokacin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kowane ɓangare ya ɗauki kamfanin waje. Daga 1968 kamfanin Markpress na Geneva, mallakar wani Ba'amurke mai suna William Bernhardt, ya riƙa aika sanarwar Biyafara ga jaridu da 'yan majalisar Ingila, yana kuma shirya wa 'yan jarida tafiya zuwa yankin. Gwamnatin Tarayya ita ma ta ɗauki kamfanin Galitzine na Landan da kuma Burson-Marsteller domin su mayar da martani. Yunwar da ta kashe yara a yankin gaskiya ce, ba kamfani ne ya ƙirƙire ta ba. Amma yadda hotunanta suka mamaye jaridun Turai daga tsakiyar 1968, da fassarar da kowane ɓangare ya so a yi musu, aiki ne da aka yi kokawa a kansa a ofisoshin Geneva da Landan. Wannan ne batun littafin da Morris Davis ya buga a 1977 mai suna Interpreters for Nigeria. Shekaru da yawa bayan haka, a 2014, da sace 'yan matan Chibok ya jawo wa gwamnatin Nijeriya suka daga ko'ina, ta ba kamfanin Levick na Washintan kwangilar dala miliyan 1.2 domin gyara yadda ake ba da labarin a ƙetare.

Misali mafi muni shi ne na Kuwaiti. Bayan Iraƙi ta mamaye ƙasar a watan Agusta na 1990, wata ƙungiya da gwamnatin Kuwaiti take ɗaukar nauyinta ta ɗauki Hill & Knowlton a kan kusan dala miliyan 11. Ranar 10 ga Oktoba, 1990, wata yarinya 'yar shekara 15 ta ba da shaida a gaban wasu 'yan majalisar Amurka cewa ta ga sojojin Iraƙi suna fitar da jarirai daga kwalaben renon bakwaini suna yasar da su su mutu. Shugaba Bush ya yi ta maimaita labarin, a watan Janairu na 1991 kuma majalisar dattawa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52 a kan 47. Sai a 1992 aka bayyana cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwaiti ce a Amurka, masu bincike kuma ba su sami abin da ya tabbatar da labarinta ba. Sojojin mamaya sun aikata ta'asa ta haƙiƙa a Kuwaiti, amma labarin da ya fi sosa zuciya shi ne wanda ba shi da tushe.

Manyan ƙasashe ma ba su tsira daga wannan buƙata ba. Daga 2006 zuwa 2015 Ketchum ya yi wa gwamnatin Rasha aiki, shi ne kuma ya shigar da maƙalar Shugaba Putin game da Siriya a jaridar New York Times a watan Satumba na 2013. Abin da waɗannan misalai suka nuna shi ne, ƙasar da take son a ji muryarta a Washintan ko Landan sai ta yi hayar harshen ɗan can.

8.0 Inda Gasa Take Cin Mai Ita

Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kamfanin da ya kasa yin gogayya da manyan rukunoni wajen yawan ofisoshi yakan nemi ya yi fice ta hanyar karɓar aikin da wasu suke ƙyama. Haka Bell Pottinger na Landan ya yi, kamfanin Tim Bell, wanda ya yi suna a matsayin mai ba Margaret Thatcher shawara kan yaƙin neman zaɓe. A farkon 2016 kamfanin ya karɓi aikin Oakbay, mallakar iyalan Gupta na Afirka ta Kudu, waɗanda ake zargi da amfani da kusancinsu da Shugaba Jacob Zuma wajen juya al'amuran gwamnati. Ladan ya kai kimanin fam 100,000 a wata. Dabarar da aka bi ita ce a karkatar da hankalin jama'a daga zargin, a mayar da maganar ta koma kan yadda fararen fata suka kankane dukiyar ƙasa, abin da ya fama tsohon mikin wariyar launin fata.

'Yan jaridar Afirka ta Kudu da talakawa masu amfani da kafofin sada zumunta su ne suka tona asirin. Jam'iyyar adawa ta Democratic Alliance ta kai ƙara gaban ƙungiyar masu sana'ar ta Ingila, wadda a farkon Satumba na 2017 ta kori kamfanin daga cikinta. Manyan abokan ciniki irin su bankin HSBC suka janye, shugaban kamfanin ya yi murabus, kafin tsakiyar watan kuma kamfanin ya durƙushe. Ba kotu ce ta rufe shi ba. Abin da ya faru shi ne, babu sauran mai son a ga sunansa kusa da nasa, kuma mutunci madara ne, idan ya zube ba ya kwasuwa.

Tun daga nan sauran kamfanoni suka shafa wa gemunsu ruwa. Bayan kisan ɗan jarida Jamal Khashoggi a 2018, wasu kamfanonin Washintan sun ajiye aikin da suke yi wa Saudiyya, ko da yake wasu sun ci gaba. A 2024 Babban Sakataren Majalisar Ɗinkin Duniya, António Guterres, ya yi kira ga kamfanonin talla da na hulɗa da jama'a da su daina karɓar aikin kamfanonin mai da kwal. Watau yanzu jerin waɗanda kamfani yake yi wa aiki ya zama abin da ake auna shi da shi.

9.0 Matsayin Kamfanonin Gida

Akwai wata iyaka da manyan rukunoni ba su iya tsallakewa sai da taimako, ita ce iyakar harshe da al'ada. Saƙon da aka tsara a New York yana iya zama abin dariya ko abin ɓacin rai idan aka sauke shi a wata ƙasa yadda yake. Da ɗan gari akan ci gari, saboda haka a yawancin ƙasashen Afirka manyan kamfanoni sukan ƙulla ƙawance ne da kamfanin gida, shi ya yi aikin, su kuma su ba shi aron suna da abokan ciniki. Sana'ar tana da tarihi a waɗannan ƙasashe. A Nijeriya, alal misali, an kafa ƙungiyar masu hulɗa da jama'a tun 1963, doka ta 16 ta 1990 kuma ta ba ta ikon tsara sana'ar. Sai dai rabon aikin bai daidaita ba. Tsara dabara da kaso mafi tsoka na lada sukan tsaya a hedkwata, aiwatarwa da fassara su ne suke gangarowa ga ɗan gida.

10.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga yadda sana'ar da ta faro da ɗan jarida ɗaya mai ba kamfanin jirgin ƙasa shawara ta zama kasuwar da rukunoni ƙalilan suke riƙe da ita, da yadda yunƙurin Asiya na kutsawa ya sami nasara a wani wuri ya ci tura a wani, da kuma yadda ƙasashe masu tasowa suka fi zama masu biyan kuɗi da fagen fafatawa. An kuma ga cewa dokar rajista ta 1938 da kundin ɗa'a na 1965 ba su hana abin da ya faru a 1990 ba, alhali kuwa 'yan jarida da talakawan Afirka ta Kudu sun kai Bell Pottinger ƙasa cikin 'yan watanni. Wannan yana nuna cewa babban abin da yake taka wa gasar birki shi ne jama'a masu tambayar asalin labari. Ga ɗalibin harshe, wanda watakila gobe shi ne mai fassara a gidan rediyo ko edita a jarida, tambayar ta zama wajibi a duk lokacin da wata sanarwa ta iso teburinsa: wa ya rubuta ta, wa ya biya, kuma me aka bari ba a faɗa ba?